Yadda ake tsara cek ɗin ƙungiya da buga shi don na'ura ta karanta, ɓarawo kuma ya kasa taɓawa

Bayan kakar bara ƙungiyar manoman shinkafa ta garinmu, nan yankin Haɗeja, ta yanke shawarar daina ɗaukar tsabar kuɗi a buhu zuwa wajen dillalan taki da masu tarakta. Da aka tashi daga taro sai shugaban ƙungiyar ya ja ni gefe, saboda ya san na yi shekaru a sashen tantance cek na wani banki a Kano kafin in dawo gida. Ya ce, "Malam, me zai hana mu kai wa yaron nan da ke buga mana rasit da katin ɗaurin aure, ya buga mana cek mai tambarinmu, da damin shinkafa a tsakiya?" Na ce, "Alhaji, Allah ya ba ka haƙuri, wannan takarda ba a shagon kati ake buga ta ba, kuma damin shinkafar nan in ya zauna a tsakiya shi zai sa a riƙa dawo mana da cek." Abin da na yi masa bayani a ranar, da abin da muka bi har littattafan suka iso hannunmu, shi nake son in shimfiɗa a nan domin ma'aji da sakataren kowace ƙungiya, da masu injin casa, da 'yan kasuwar hatsi da ke mu'amala da Dawanau.

Wani zai ce zamanin cek ya wuce tunda ga taransifa a waya. Ga mutum shi kaɗai da dukiyarsa, hakan na iya zama gaskiya. Amma kuɗin jama'a yana buƙatar hannu biyu ko uku kafin ya fita, yana kuma buƙatar takardar da za a ajiye gaban taro a ce ga wanda aka biya, ga nawa, ga waɗanda suka sa hannu. Wayar da ke aljihun mutum guda ba ta ba da wannan kwanciyar hankali.

Matakin farko a banki yake. Ƙungiya za ta buɗe asusun karant da sunanta na rajista, ta gabatar da takardar rajistar, da takardar shawarar taro da ta bayyana waɗanda za su riƙa sa hannu, da lambar BVN ta kowannensu. A nan ake rubuta ƙa'idar sa hannu, misali a ce dole ma'aji ya sa, sannan ko dai shugaba ko sakatare. Idan asusun yana ƙaramin bankin al'umma ne, a tambayi manaja tun da wuri ta wane bankin kasuwanci cek ɗinsu yake bi, domin ƙananan bankuna ba sa shiga tsarin musayar cek da kansu. Daga nan sai a zaɓi ɗaya cikin biyu: ko dai littafin cek na banki da aka saba, wanda za a buga sunan ƙungiya da lambar asusunta a kai, ko kuma cek na musamman mai tambarin ƙungiya, wanda ya fi tsada kuma ya fi ɗaukar lokaci. A ganina ƙungiyar da ba ta rubuta cek fiye da goma ko ashirin a wata ba ta da buƙatar na musamman. Wadda ke biyan ɗaruruwan manoma a kaka guda, ita ce za ta ci ribarsa.

Ko wanne aka zaɓa, ta hannun banki za a bi. Babban Bankin Najeriya, CBN, yana da ƙa'idar da ta fayyace siffar cek, takardarsa da tawadarsa, yana kuma da tsarin tantance maɗaba'un da aka yarda su buga shi. An sabunta ƙa'idar a 2018, aka fara tilasta ta gaba ɗaya a 2021. Kamfanin buga kuɗi da muhimman takardu na ƙasa, da kamfanoni irin su Superflux da Tripple Gee a Legas, suna cikin waɗanda aka sani da wannan aiki, sai dai jerin yana sauyawa, don haka banki ne zai faɗi wanda yake da izini a lokacin. Aikin kansa kashi biyu ne. Maɗaba'a tana buga gangar jikin cek da duk matakan tsaronsa, sannan wani sashe mai izini, wanda sau da yawa bankin ne da kansa, ya buga sunan mai asusu da layin lambobin da ke ƙasa.

Kafin mutum ya sa baki a tsarin cek, yana da kyau ya san abin da ke faruwa da takardar bayan ta bar hannunsa. A da, idan dillali ya kai cek ɗin wani banki reshen bankinsa, sai an ɗauki takardar da kanta zuwa zauren musaya, a miƙa ta ga bankin mai asusu, abin da ke cin kwanaki. Tun 2012 aka fara sabon tsari a Legas, aka faɗaɗa shi zuwa duk ƙasa a 2013. Yanzu reshen da ya karɓi cek yana zura shi a wata 'yar na'ura, ta karanta lambobin ƙasa, ta ɗauki hoton gaba da baya, a aika hoton da bayanan ta hanyar NIBSS, kamfanin da ke haɗa bankunan ƙasar nan wajen biyan kuɗi. Takardar tana zama a reshen da ya karɓe ta. Ma'ana, jami'in da zai amince a biya kuɗin ƙungiyarku ba zai taɓa riƙe cek ɗin a hannu ba, hotonsa kawai zai gani a kwamfuta. Duk shawarar da za a yanke kan launi, zane da wurin rubutu, sai a auna ta da wannan: shin na'ura za ta karanta, kuma hoton zai fito sarai?

Layin lambobin da ke ƙasan cek shi ne ran takardar, kuma shi ne dalilin da ya sa mai buga katin biki ba zai iya aikin ba. Waɗannan lambobi masu siffar ban mamaki, wasu gaɓoɓinsu da kauri wasu sirara, ana buga su da tawada mai ɗauke da garin ƙarfe. Idan cek ya shiga na'ura, sai ta fara ratsa shi da maganaɗisu, sannan wani kai ya bi ta kan layin yana jin ƙarfin maganaɗisun kowace lamba, kusan yadda rediyo mai kaset ke karanta zarensa. Kowace lamba tana ba da nata salon motsi, shi ya sa aka yi musu waccan siffa. Ana kiran fasahar MICR, salon rubutun kuma E-13B, wanda bankunan Amurka suka amince da shi a ƙarshen shekarun 1950, Ingila da Najeriya da ƙasashe da dama suka bi. Haruffansa goma sha huɗu ne kacal: lambobi daga 0 zuwa 9, da alamomi huɗu masu raba sashe da sashe. Faransa da wasu ƙasashe suna amfani da wani salon daban mai suna CMC-7, amma wannan bai shafe mu ba.

A cek ɗin Najeriya layin yana ɗauke da lambar fallen, da lambar banki da reshe mai alƙaluma tara, da lambar asusu mai alƙaluma goma wadda ake kira NUBAN, da wata gajeriyar lamba mai nuna nau'in takardar. Sabuwar ƙa'ida ta ƙara abubuwa biyu: watan da shekarar da fallen zai daina aiki, da wata lambar tantancewa da ake lissafowa daga sauran lambobin, ta yadda idan wani ya sauya alƙalami guda a layin lissafin ba zai daidaita ba. Firinta ta gida na iya kwaikwayon siffar lambobin har ido ya yarda, amma tunda babu ƙarfe a tawadarta, na'ura ba za ta ji komai ba.

Daga gefen ƙasa na cek zuwa sama kimanin milimita 16, wato kusan faɗin ɗan yatsa, fili ne da aka keɓe wa wannan layi shi kaɗai. Kada tambari ya sauko cikinsa, kada wutsiyar sa hannu ta ratsa shi, kada hatimi ya taɓa shi, kada a huda shi da sitefila. Na jaddada hatimi domin shi ne ya taɓa kunyata mu. Cek na uku da muka rubuta, sakatarenmu ya danna hatimin ƙungiya da ƙarfi a kusurwar ƙasa, shuɗiyar tawadar ta malale kan alƙaluma huɗu na lambar asusu. Mai taki ya hau mota har reshe, ya bi layi, washegari aka kira shi ya zo ya karɓi takardarsa. Na ga fuskarsa lokacin da ya dawo da ita a ninke cikin hularsa, yana zaton babu kuɗi a asusunmu, alhali kuɗin na nan cif. Tun daga ranar muka ja layi da fensir a jikin murfin littafin, muka nuna wa kowa inda hatimi zai tsaya.

Sauran fuskar cek tana da wuraren da ba a matsar da su: sunan banki da reshe a sama, gurbin kwanan wata, layin sunan wanda za a biya, layin adadin kuɗi da kalmomi, akwatin adadi da alƙaluma a dama, da wurin sa hannu. Abin da ya rage wa ƙungiya ta zaɓa shi ne yadda sunanta zai fito, da tambarinta, da ɗan launin bango. Sunan ya zama daidai da wanda ke takardar rajista da asusun banki, harafi da harafi. Idan an rubuta sunan gari da wani salo a rajista, a bar shi haka ko da ba shi mutanen gari suka fi so ba. A nemi a ware layin sa hannu daidai da yawan masu sa hannu, kowanne da isasshen fili, domin idan wuri ya yi kaɗan dole wani ya gangara cikin filin lambobi.

Maganar damin shinkafar Alhaji kuwa, mun mayar da shi ƙarami, muka kai shi kusurwar sama ta hagu kusa da sunan ƙungiya. Dalili shi ne hoton da ake aikawa yakan zama fari da baƙi ko ruwan toka, kuma duk zane mai duhu da ke bayan rubutu yana rikiɗa ya zama baƙin tabo ya haɗiye adadin kuɗi. Bangon cek ya kasance mai haske, kamar ruwan ƙasa mai haske ko shuɗi mai haske, akwatin adadi kuma ya fi ko'ina tsabta. Ƙungiyoyinmu suna son kore shar da hoton shugaba, na kuma fahimci dalilin, amma wurinsu kalanda ne da allon ofis.

Tsaron cek yana farawa daga takardar. Ana amfani da takarda ta musamman mai nauyin kimanin giram 95, wadda ke jure jan na'ura ba tare da ta yage ko ta naɗe ba. Tana da tambarin ruwa a cikin jikinta, wanda ake gani idan an ɗaga ta ga haske, kamar na takardar Naira. Idan aka haska ta da fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba kuɗi da ita, takardar kanta ba ta ƙyalli, sai wasu siraran zarurruka da alamomin da aka ɓoye su ne ke haskawa, alhali farar takardar ofis gaba ɗayanta take ɗaukar haske. Bangon kuma ana buga shi da tawada mai gudu, wadda ke narkewa ko sauya launi da zarar ruwa ko wani sinadari ya taɓa ta, domin masu wanke rubutun cek su sake wani su bar shaida. Akwai kuma rubutu ƙanana ƙwarai, sau da yawa a layin sa hannu, wanda ido ke gani kamar layi kawai, sai da madubin ƙara girma ake ganin haruffa ne, kuma injin kwafi ba ya iya fitar da su. Wasu maɗaba'u suna ƙara wata kalma a ɓoye da ke bayyana a jikin kwafi, ko tawadar da ke ɓacewa idan an ɗora mata yatsa mai ɗumi. Ba lallai a sayi duk ƙarin ba, amma a tambayi banki ya nuna wa ma'aji waɗanda ke jikin nasu cek ɗaya bayan ɗaya, domin matakin tsaron da mai shi bai san da shi ba rabin amfaninsa ya tafi.

Wannan tawada mai gudu tana da nata sharaɗi a ƙauye. Cek ɗin da aka sa a aljihun gaba aka hau babur cikin zufa, ko ruwan damina ya taɓa shi, zai iya fitowa da tabon da banki zai ɗauka yunƙurin wankewa ne. A sa shi a ambulan, a sa ambulan a leda, kada kuma a ninke shi ta kan layin lambobi.

Idan cek na musamman ne, maɗaba'a za ta aiko da samfuri ta hannun banki kafin a buga da yawa. Mutum biyu su zauna su duba, ɗaya yana karantawa da ƙarfi ɗaya yana bi da yatsa a takardar banki: suna, lambar asusu, reshe, lambar farko da ta ƙarshe. Banki kuma zai gwada samfurin a na'urarsa, kuma kada a sa hannu kan amincewa sai an ji sakamakon gwajin. Ranar karɓar littattafai, a ƙirga fallayen a gaban jami'in banki kafin a bar kanta, a tabbata lambobin suna bin juna babu tsallake. Mai satar falle ba ya cire na sama, daga tsakiya ko can ƙarshe yake zara, inda ba za a lura ba sai bayan watanni.

Duk wannan tsaro na maɗaba'a, biro guda na iya rushe shi. Da Turanci ake rubuta adadin kuɗi a cek, kuma a Turanci harafi guda ne tak, wato y, ya raba takwas da tamanin, haruffa biyu kuma suka raba shida da sittin, bakwai da saba'in. Wanda ya bar ɗan fili bayan kalmar, ya kuma bar fili a akwatin alƙaluma, ya ba wa mai mugun nufi damar mayar da dubu takwas dubu tamanin da harafi ɗaya da sifili ɗaya. Saboda haka a fara rubutu daga farkon layi, a matse kalmomi, a rufe da kalmar "only", wato "kawai", a ja layi a kan duk filin da ya rage. A akwatin alƙaluma a manna lambar farko da alamar Naira, a sa waƙafi a wurinsa, a rufe da sifili biyu na kwabo. Haka ma sunan wanda za a biya: a rubuta shi cikakke kamar yadda yake a asusunsa, a ja layi bayansa. A yi amfani da biro baƙi ko shuɗi mai duhu, a guji ja da kore domin ba sa fitowa sosai a hoto, a guji fensir da biron da ake gogewa. Idan an yi kuskure, ya fi kyau a soke fallen a rubuta sabo, a ajiye sokakken a maƙale da gindinsa, wato guntun da ke saura a jikin littafi idan an yage falle. Masu cike cek da firinta su tabbata tawadar tana kama takarda sosai, su gwada kankare ta da farce a wani sokakken falle, domin wadda ke ɓamɓarewa tana sauƙaƙa wa mai sauya suna aiki.

Duk cek ɗin da ba dole ne a karɓi tsabarsa a kanta ba, a ja masa layi biyu a karkace a fuskarsa, a rubuta "A/C Payee Only" tsakaninsu. Wannan yana nufin kuɗin ba zai shiga ko'ina ba sai asusun wanda aka ambata. Mai cek na musamman yana iya neman a buga masa layukan tun daga maɗaba'a, kuma ina ba da shawarar hakan ga duk littafin da za a riƙa biyan dillalai da shi.

Abin da na fi tsoro a ƙungiyoyinmu shi ne sa hannu a kan farin cek. Shugaba zai tafi Umara ko kasuwar Maigatari, sai ya sa hannu a fallaye biyar ya bar wa ma'aji don kada aiki ya tsaya. Niyyar mai kyau ce, amma daga wannan lokaci ƙa'idar hannu biyu ta zama hannu ɗaya, kuma ko ma'aji amintacce ne, akwai yara da baƙi da masu shiga ɗakinsa. Mafita ita ce a sa mutum uku a ƙa'idar sa hannu tun farko, kowane biyu su wadatar. Littafin kuma ya kwana a akwati mai makulli, hatimi ya kwana a hannun wani daban. A cike gindin cek kafin a cike cek ɗin kansa, da kwanan wata, suna, adadi da dalilin biya, sannan a ƙarshen kowane wata a karɓo bayanin asusu daga banki a bi shi layi layi ana gwadawa da gindin. Yawancin bankuna suna kiran mai asusu ko su nemi ya tabbatar da cek mai nauyi kafin su biya, don haka lambar wayar da aka ba banki ta zama wadda ke samun sabis a garin, kuma ba ta mutumin da ke riƙe da littafin ba.

Akwai iyakokin da ya kamata ma'aji ya haddace. Tun 2010 cek ɗin da ya haura Naira miliyan 10 ba ya bi ta tsarin musaya, sai a biya ta hanyar lantarki. A ƙarshen 2022 CBN ta ce cek ɗin da aka rubuta wa wani, idan ya wuce Naira 100,000, ba za a biya shi tsaba a kanta ba, sai ya shiga asusu. Cek da ya yi wata shida ba a kai shi banki ba ya tsufa, za a dawo da shi. Bayar da cek alhali babu kuɗin da zai biya shi a asusu laifi ne a dokar 1977, wadda ta tanadi ɗaurin shekara biyu ga mutum ba tare da zaɓin tara ba. Al'adar rubuta cek a ce wa dillali ya riƙe sai an sayar da shinkafa tana jefa masu sa hannu cikin wannan haɗari, ko da ba su yi nufin cutar kowa ba.

Idan falle ko littafi ya ɓata, a kira banki a take a ba da lambobin, sannan a bi da takarda mai sa hannu a ranar ko washegari, a karɓi kwafin da banki ya buga wa hatimin karɓa. Idan an yi zaɓe shugabanni suka sauya, a kai wa banki sabuwar takardar shawarar taro kafin sababbin su rubuta ko falle ɗaya, a kuma ƙirga ragowar fallayen a gaban tsofaffi da sababbi, a rubuta lambar farko da ta ƙarshe a littafin taro, kowa ya sa hannu. Littafin da wa'adinsa ya cika, ko na asusun da aka rufe, a mayar da shi banki a soke shi a gaban wakilan ƙungiya biyu, a karɓo shaidar hakan a rubuce.